Barmo Ya Gasa Masu Gadi

Da sassafe Ladiyo ta ɗauki ƙoƙo ta nufi gidan Iya Tabawa roƙon ƙasa. Jiya mijinta Barmo ya cinna wa ciyawar gonarsu wuta, yadda ya taso ya ga kakansa yana yi. Ya manta cewa yanzu akwai masu gadi a cikin ƙasar, ƙwayoyin halittar nan da ido ba ya gani, waɗanda ke riƙe gubar dalma kada ta bi saiwa ta shiga gero.

Da jin labarin, Iya Tabawa ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wato gasa su ya yi? To wa zai tsare muku tuwo bana?"

"Abin da ya kawo ni ke nan, Iya. Ga shuka ta matso, shi kuma kunya ta hana shi leƙowa ko ƙofar gida."

Tsohuwar ta buɗe tulun da ke inuwar rumbu, ta ɗebo baƙar ƙasa mai danshi, wadda take kiwon masu gadin a ciki, ta cika mata ƙoƙon. "Ki lulluɓe su, ba sa son rana. Ki riƙa yayyafa musu ƙasari har su hayayyafa. Sannan ki ɓoye wa Barmo ashana."

A hanya yaran unguwa suka rugo suna gaishe ta, kamar za su ture ta. Ladiyo ta ɗaga ƙoƙon sama tana dariya. Lokacin da take kamarsu, su uku ne kaɗai ke iya gudu a duk garin, sauran yaran gubar dalma ta nakasa su.