Sallama a Bakin Kurmi

Tun da doka ta mai da kurmin gwamnati gidan dabbobin da ke cikinsa, ba mai shiga yawon shan iska sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, wata dabba ta amsa. In shiru, ka koma gida.

Goggo Dije ta zo da Ɗanlami, ɗan ƙanenta, da tabarma da ƙunshin dambu. Tana yin sallama, kukan gauraka ya tashi daga kan wata tsamiya.

"Goggo, an amsa, mu shiga," in ji Ɗanlami.

"Wa ya amsa? Kukan nan ɗaya ake yi wa kowa, ko numfashi babu a ciki."

Mai gadin ƙofar ya rage murya. "Na'ura ce, Hajiya. Rabonmu da amsa ta gaske tun bara. In hukuma ta ji gidan ba kowa, gonaki za a yanka."

"Ni ba na shiga gidan mutane da ƙarya."

Ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Jama'a na ta wucewa ciki suna kallonta, Ɗanlami na ta zufa.

Bayan la'asar ta sake sallama a hankali. Ciyawa ta motsa. Wata gada ta leƙo, ta dube ta, ta yi huci, ta juya ciki.

Mai gadi ya kama baki, idonsa ya ciko.

Goggo ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Ɗanlami, cire takalmanka. Masu gida suna nan."