Mai Lemo da Kashin Tsuntsu

Kai da ka zo kana rantsuwa ka san mai cutarka, zauna ka ji. Wani tsoho ne gwiwa ta gaza masa, noman gero ya fi ƙarfinsa. Sai ya sayar da 'yan awakinsa kaf, ya sayo dashen lemo mai aure ya kafa a bakin fadama, wai ko ya sami abin dogaro a ƙarshen rayuwa. Rani guda yana jan guga, bayansa kamar zai karye, har dashen ya yi toho. Ran nan ya ga wani abu baƙi da ratsin fari a kan ganyen, sak kashin tsuntsu, ga kuma gefen ganyen a gaigaye. Shi ke nan, ya yanke hukunci. Ya ɗaura gwangwanaye a igiya, ya kafa mutum-mutumi, ya wuni da danƙo a hannu yana tsine wa tsuntsaye, har ko ɗaya ya daina sauka a lambun. Amma akwai wani malam-buɗe-littafi, baƙi mai ɗigon rawaya, da ke shawagi kan dashen kullum hantsi. Wannan kam tsoho har murmushi yake masa, yana cewa baƙon alheri ne.

Tsuntsaye sun tafi, kashi bai tafi ba, sai ma ƙaruwa. Da haushi ya ishe shi, ya sa yatsa zai share ɗaya. Abin ya motsa! Ya ɗago kai, ya fito da wasu 'yan ƙahoni ja masu wari. Ashe tsutsa ce, haka Allah ya yi ta da kamar kashi don ta ɓace wa mai cinta. Manyan sun riga sun rikiɗe kore shar, sun saje da ganye, sun ƙoshi. Yana durƙushe a wurin sai ga baƙon nasa ya sauka kan ɗan tohon da ya rage, ya lanƙwasa ciki, ya ajiye ƙwai ɗaya, ya tashi abinsa. Tsoho ya dubi danƙon da ke hannunsa. "Masu gadina na kora," in ji shi. Kafin damina ta faɗi dashen ya zama tsinke, ga awaki babu, ga ƙarfin sake wani babu.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.