Zuma a Kunun Safe

"Baba, ka sa wa Mama zuma a kunun ko za ta sha," in ji 'yarsa ta waya. "Kwana uku ke nan tana ture kwano."

"Zuma? Sai ka ce 'yan Ingila. Mu a Sikotlan gishiri muke sa wa kunun hatsin nan na ot, haka kakana ya sha."

Amma da safen nan na kaka, iska na kakkaɓe ganyaye a bakin taga, ya juya kunun da muciya, ya zuba zuma cokali biyu yana ƙunƙuni.

Matarsa, wadda mantuwar tsufa ta hana ta gane shi tun bara, ta ɗanɗana. Ta shanye tas, har da suɗe cokali. Sai ta kamo hannun rigarsa, ta yi ƙasa da murya.

"Bawan Allah, kada ka gaya wa maigidana. Shekara arba'in da bakwai ina haɗiye mai gishirin nan. Shi ke tashi cikin sanyi ya dama mini, da wane bakin zan ce masa ba daɗi?"

Ya daɗe yana kallon kwanon.

"Ba zai ji daga bakina ba," ya ce.