Ranar da Banki Ya Zo Duba Gidana

Ɗana ya riga ya kama babban yatsana zai dangwala a tawada lokacin da na ce, "Sake ni. Bari baƙon nan ya gama zagaya gidan tukuna."

Shekarar fari ce, soja na bisa mulki, raƙumanmu sun ƙare a hanyar gishiri. Sai ga wani banki yana rabon bashin gini ga duk wanda zai jinginar da gidan da yake ciki. Ɗana kuwa ɗakin siminti yake so a unguwar Dagmanet.

"Baba, kowa ya karɓa," in ji shi. "Kai kaɗai ka rage."

"Ma'aikacin bankin ya tambaye ka sana'arka?"

"A'a."

"Ya tambayi da mi za ka biya?"

"Haba Baba! Sauƙi aka kawo, kai kana neman wahala."

Na bi ma'aikacin bankin da ido. Duk mai yi wa gidan ƙasa kuɗi a Agadez, azara yake fara ƙwanƙwasawa, ya shafa yaɓe, ya hau soro ya duba indararo. Wannan ko sama bai kalla ba. Ya wuce zaure, ya wuce ɗakuna, ya tsaya kan rijiyar kakana, wadda rabin unguwa ke sha tun da sauran suka ƙafe. Ya saki tsakuwa a ciki, ya kasa kunne.

Da ruwan ya amsa, na ga murmushin mutumin da ke addu'ar kada mu iya biya. Na mayar da hannuna cikin riga.