Ruwan Wankan Barira

Tun da tsamin ɗanyen mai ya cinye bututan matatar garinmu, rijiyoyinmu kumfa suke yi ba sabulu. Liman ya ce ba a tsarki da su. Sai ruwan tanka, kowa da kofinsa.

Ranar da matata Barira ta rasu, na je wajen mai rabo.

"Baba Ilu, bokiti guda dai, in wanke ta."

"Allah ya jiƙanta, Tasi'u. Ruwan tanka na masu rai ne, doka ce. Yi mata taimama."

Na dawo na dafa ƙasar tsakar gidan da take sharewa kullum, na shafi fuskarta. Baƙin maiƙo ya kwanta a kumatunta. Ba ni da ruwan goge shi sai na idona.