Ɓauren Mejra

Tun kafin motar mai kyamara ta gama tsayawa, tsoho Zejnil ya je ƙofa ya dawo, ya sake komawa. Zama ya gagare shi. Hannayensa a kumbure suke, bayansa kuma ya ƙi miƙewa. Ya ce wa ɗansa sanyin ƙashi ne.

Ɗan nasa, Elvedin, a Jamus yake aiki. Kamar duk 'yan garinmu da ke can, sai cikin zafin Agusta yake zuwa, ya gyara abin da bai lalace ba, ya koma. Shi ne ya sa aka yi wa Zejnil banɗaki a cikin gida, da tayil ɗin Italiya mai ɗaukar ido, alhali yana can bai ga ko ranar da aka haƙa ramin bututun ba. Bana ya iso ya tarar ruwa ba ya wucewa. Ya leƙa ta taga, ya ga ɓauren tsakar gida, nan take ya yanke hukunci: saiwa ce ta shiga bututu. In kyamarar leƙen bututu ta nuna ko da silin saiwa ɗaya, za a sare ɓauren kafin Lahadi, ranar komawarsa. Ya sa rana da mai kyamara, ya aro zarto, ya kwashi matarsa da yara suka tafi bakin teku shan iska.

Mejra ce ta dasa ɓauren, marigayiya matar Zejnil, shekarar da ta tare. Ƙarƙashinsa tsohon yake shan gahawa, kofi biyu yake ajiyewa har yau.

Mai kyamarar sunansa Ljubo, ƙato ne mai surutu. Ya tambayi inda murfin ramin yake. Elvedin ya dubi ubansa. Tsohon ya nuna gefen kunyoyin tumatir, inda ƙasa ta sha sabon kaftu. Hakan ya yi wa kowa daɗi, don ta ɗaya gefen, jikin bangon gida, akwai akwatin ƙudan zuma, kuma ranar ƙudan ba su da kirki. Wasu ma sun bar akwatin, suna ta kewaya wani fili a bayan rumfa kamar waɗanda suka ɓata hanya.

Murfin ya tashi ba gardama. Ljubo ya zura igiyar kyamarar, mai ido da fitila a baki, ya juyo da allon kallo. Zejnil ya sunkuya, ya miƙe, ya zagaya, sannan ya tambaya ko igiyar tana da tsawo sosai.

"Baba, in na sake ta duka, a banɗakin magajin gari za ta ɓullo," in ji Ljubo.

Elvedin ya yi dariya. Tsohon bai yi ba.

Ido ya ci gaba da rarrafe cikin duhu. Bututu fes, ko laka babu. Ljubo ya ce ya daɗe yana leƙa cikin gidajen mutane ta ƙasa, bai taɓa ganin irin wannan ba; ya tambaya wai me suke ci a gidan nan, iska? Elvedin ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allo. Yana jira ya ga farin zaren nan yana reto, ya ce ga shi.

Suka iso daidai ƙarƙashin ɓauren. Gumi na bin wuyan Zejnil. Babu saiwa. Suka wuce. Babu. Ljubo ya ƙara tura igiya, ya sake ƙarawa, sai tsohon ya cafke masa hannu.

"Kai ɗan nan, ka kai shinge. Daga nan na hukuma ne. Ko aikin kyauta za ka yi musu? Gahawa na hucewa."

Ljubo bai taɓa yi wa hukuma komai kyauta ba. Ya janyo igiya, ya juya ta wajen gida. Ba ta yi nisa ba ta ci karo da wani baƙin abu, ta tsaya cak. Aka sa Elvedin ya shiga ya saki ruwa. Ko ɗigo bai iso ramin ba. Ljubo ya goge hannu ya ce magana ta fito: itacen ba shi da laifi, toshewar tana ƙarƙashin banɗaki, sai an fasa daɓen.

Elvedin ya tsaya bakin ƙofa yana kallon tayil ɗinsa na Italiya, kamar an ce a yanka masa ɗa. Can ya ce a bari sai baɗi. Uban ya ce ba komai, tsohuwar shadda ta bayan lambu ba ta taɓa ƙin karɓarsa ba. Da suka shiga rumfa ɗauko zarton don a mayar wa mai shi, Elvedin ya lura ragowar bututun da aka jingine a rumfa tun lokacin gini ba ya nan. Tsohon ya ce maƙwabci ya roƙa.

Ran Lahadi da hantsi motar Elvedin ta sha kwana, yara na ɗaga hannu. Zejnil ya jira ƙarar ta ɓace. Ya sa hular raga, ya hura hayaƙi, ya rungumi akwatin zuma yana nishi, ya mayar da shi bayan rumfa inda yake tun asali. A inda ya ɗauke shi, jikin bango, ga murfin ramin na gaskiya, na ƙarfe mai tsatsa, fararen saiwoyi sun leƙo ta ko'ina a gefensa kamar furfura. Ya shafa su a hankali ya ce, "Sha abinki, Mejra." Sannan ya ɗauki shebur ya nufi tumatir, don ya tono bututun da ya binne ranar da su Elvedin suka tafi teku, wanda bai haɗu da komai ba, gaba da baya.