Mai Nutso a Ramin Dutse

Jonatan yana goya silindar iska a bayansa, mutum sama da ɗari suna tsaye a bakin ramin, rabinsu da adda a hannu. Masu fasa dutse ne suka bar ramin nan a hanyar Panda, bayan sun kwashe duwatsun an gina Abuja da su. Ruwa ya cika shi, kore shar, ba wanda ya san iyakar zurfinsa.

Kwana huɗu ke nan ba a ga Baba Zakka ba. An tsinci hularsa a gefen ruwan, daidai mashayar shanun wani makiyayi, Ɓoɗejo, kuma wannan kaɗai ya ishi mutane. Ɓoɗejo yana zaune a ƙasa tsakanin 'yan sanda biyu, leɓensa a fashe, matarsa Hapsatu tana can gefe da goyo. Samari sun riga sun sayo fetur. Sun faɗa a gaban kowa cewa muddin gawa ta fito daga ramin nan, kafin la'asar babu ruga, babu mai rugar.

Gaskiya ne tsohon da makiyayin sun sha cacar baki a kan ɓarnar gona. To amma wane ne bai yi cacar baki da Baba Zakka ba? Mutumin da sau uku yana korar wakilan wani kamfanin gidaje daga filin gadonsu, yana cewa ba za a sayar ba matuƙar yana numfashi.

Jonatan ɗan ƙanen Baba Zakka ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wani tsibiri kusa da Zanzibar yana shiga da baƙi ƙarƙashin teku, har aikin ya ƙare, ya dawo Keffi da kayan nutso da tulin raini. Ka gaishe shi, ka jawo wa kanka. Sai ka sha labarin duwatsun murjani ja da shuɗi, da kifaye masu launi kamar zannuwan mata ranar Lahadi, da kunkurun teku mai biyo shi har bakin jirgi. Sai ka ji yadda shi ne ke sauka ya ɗaure jirgi a jikin dutse don kada ƙarfen anga ya farfasa murjanin. Burinsa ɗaya ne, ya koma can ya buɗe nasa wurin, kuɗi kawai ya rasa. Mutane suka gaji suka sa masa suna Kifi. Yau kuma su ne da kansu suka je har gida roƙonsa.

Silinda biyu gare shi, amma ɗaya ya ɗauko, wai ɗayar ta tsiyaye. Ya rataya naɗaɗɗiyar igiya a ƙugu. Filomina, 'yar Baba Zakka, ta riƙe masa hannu.

"Yaya Jonatan, ka fito mana da shi, ko a wane hali yake."

"Zan duba," ya ce. "Amma ƙasan duk laka ce da sanyi, ba a gani sosai." Ya dubi ruwan yana yatsina. "A teku, kifi da ƙaguwa kan share komai cikin 'yan kwanaki. Wannan ko tarwaɗa babu."

Ta saki hannunsa. Ta ji maganar har cikin ranta.

Bai shiga ta mashayar ba. Ya zagaya ta ɗaya ɓangaren, ya rufe fuska da gilashi, ya nutse. Kumfa ta miƙe sak zuwa gindin katangar dutse, ta tsaya a nan. Minti goma, kumfar tana wuri ɗaya. Minti ashirin. Wani ya buɗe jarkar fetur, warin ya gauraye wurin. Wata mata ta tofa wa Hapsatu yawu. Ɓoɗejo ya runtse ido, bakinsa yana motsi.

Da Jonatan ya taso, hannu rabbana ya fito. Ya cire gilashin, ya huta son ransa kafin ya yi magana.

"Babu kowa. Tsofaffin tayoyi ne da ganga."

Wuri ya kaure. Wani ya ce ƙarya ne, wani ya ce an saye shi. Jonatan ya sauke silindar ya dire ta a gabansu, ya ce duk mai shakka ga ta nan, bismilla. Ba wanda ya matso. 'Yan sanda suka samu ƙarfin guiwa suka kora taron, mai jarka ya rufe jarkarsa yana zagi.

Ɓoɗejo ya rarrafo ya kama ƙafarsa yana hawaye, ya ce shi da iyalinsa ba za su manta da wannan rana ba. Filomina kuwa fuskarta ta ɗan saki, karo na farko cikin kwana huɗu.

"Ke nan wataƙila Baba yana raye," ta ce.

"Mu ci gaba da addu'a, ƙanwata," in ji Jonatan, yana dafa kafaɗarta.

Ba wanda ya tambayi igiyar da ya sauka da ita. Tana can gindin katangar, naɗe a ƙirjin Baba Zakka, domin ƙullin da Jonatan ya yi ranar Talata, ranar da tsohon ya ɓace, ya fara sakewa, gawar kuma ta soma tasowa.